Tambayoyinku: Yaya ake bin sawun baƙin kifi a bakin Kogin Volta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sarar kifi a Ada da Sogakope ina kawowa kasuwar Nima. Tun bayan ambaliyar 2023 masunta ke cewa karfasar gonakin kifi ta cika kogi, wasu ma suna cewa iri ne na ƙetare. Ni dai a kwando ban ga bambanci ba. Ta yaya masana ke ganewa, kuma yaya suke sanin inda ta kai?
Daga wata mai sayar da kifi, Nima, Akra

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba laifin idonki ba ne, masanan ma ba sa rarrabewa da ido. Karfasar kogin Volta da wadda ake kira GIFT, da aka inganta a ƙasar Filifin, jinsinsu ɗaya, har barbara suke yi da juna. Irin da aka amince a kiwata a Volta shi ne na Akosombo, wanda Cibiyar Binciken Ruwa ta CSIR, hukumar binciken kimiyya ta Ghana, ta samar. Amma wani bincike da aka wallafa a 2019 ya gano jinin GIFT a wasu gonaki, har da kifin da aka kamo a cikin kogi. Da aka saki ruwan madatsar Akosombo a Satumba da Oktoban 2023, kejin kifi da dama sun ɓalle, saboda haka maganar masuntan tana kan hanya.

Gwajin DNA, wato ƙwayar halittar da ake gado daga iyaye, shi ne ke raba gardama. Ana yanko ɗan guntun fiffiken wutsiya kamar ƙwayar shinkafa, a jefa shi a ƙaramar kwalba mai sinadarin itanol kashi 95 cikin ɗari. Sinadarin ya ninka naman kamar sau goma, in ba haka ba ruwan jikin kifin zai tsinka shi, naman ya ruɓe. Lambar kwalba da fensir ake rubuta ta, don itanol na wanke tawadar biro. Sannan a goge almakashi tsakanin kifi da kifi. Wanda ya yi ganganci a nan, sai sakamako ya laƙaba wa kifin gida jinin baƙo.

Sanin inda baƙo ya kai shi ne aikin da ke son haƙuri. Ana zaɓen tashoshi a jere, a ce daga ƙasan madatsar Kpong, a bi ta Sogakope har Ada Foah inda kogi ke shiga teku, a haɗa da rafukan da ke zuwa tafkin Keta. A kowace tasha a ɗana gura, wato tarkon kifi, guda goma da yamma, koto iri ɗaya, a ɗaga da sassafe. In birgi ne, wato ragar jifa, jifa ashirin, ba ƙari ba ragi. Wata mai zuwa a koma gurbin nan dai a maimaita. Ana raba abin da aka kama da yawan gurar, wannan adadin ake kwatantawa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙin rubuta ranar da gura ta fito wayam. To in ba a rubuta cewa bara babu shi a Ada ba, da me za a ce bana ne ya iso?

Akwai sabuwar hanya da ba sai an kama kifin ba. Kowace halittar ruwa tana zubar da yauƙi da kashi, kuma DNA ɗinta na ciki. Sai a ɗebi ruwa lita ɗaya zuwa biyu, a tace ta matata mai ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, maikuron 0.45, a sa matatar cikin ƙanƙara ko sinadari a kai ɗakin gwaji. Kayan aiki a wanke su da bilic kafin a sauya tasha, a kuma tace kwalba ɗaya ta ruwa mai tsabta a matsayin shaida: in ita ma ta nuna kifi, aikin ranar ya ɓaci. A bakin kogi, inda yake shiga teku, hanyar nan tana da mishkila biyu. Laka na toshe matata tun ba a kai rabin lita ba, sai an sa biyu ko uku. Sannan ruwa ba ya tsayawa: kogi na gangaro da DNA daga gonakin sama, teku kuma in ya ciko ya turo nasa ciki. Don haka a rubuta ko teku na cikowa ne ko yana janyewa, a auna gishirin ruwan. A ganinmu hanyar nan ta fi amfani ga baƙon da bai da ɗan'uwa a kogin. Ga wannan karfasar, guntun fiffike ya fi abin dogaro.

Tambaya: Na ga wani ƙaton jatan lande mai zane baƙi-baƙi a gicciye a cikin kamun wani masunci. Me ya kamata in yi?
Daga wani matashi, Ashaiman

Amsa: Malam, kwatancenka ya yi kama da jatan lande mai zanen damisa, ɗan asalin tekun Indiya da Fasifik, wanda tuni ya zauna a gaɓar Afirka ta Yamma, musamman Nijeriya, kuma yakan kai tsawon santimita 30. Kada ka rikita shi da na kogin Volta mai dogayen hannuwa, wannan ɗan gida ne. Ɗauki hoto ta sama da ta gefe, da ma'auni ko kwandala kusa da shi don a ga girmansa. Rubuta rana, da sunan wurin da aka kama shi, ba kasuwar da ka gan shi ba, da irin ragar. Saya guda ɗaya ka sa a leda cikin firiza, ka kai hoton ofishin Hukumar Kamun Kifi mafi kusa. Kada dai ka ɗauki mai rai ka zuba a wani ruwa don gwada kiwo. Giwan ruwa ɗan gida ne a Volta, amma da aka zuba shi a tafkin Biktoriya a shekarun 1950, ya taimaka wajen ɓatar da ƙananan kifaye kusan iri ɗari biyu.