Kwana a Duwatsun Shere da Hunturu

Tambaya: Malam, zan kai 'yan sikawut goma sha biyu kwana ɗaya a duwatsun Shere kusa da Jos a watan Janairu. Me zan tanada? Daga wani jagora a Bauchi.

Amsa: Malam, sanyin Shere ba na Bauchi ba ne. Ƙololuwar ta haura mita 1,800, da asuba kuma sanyi kan sauka ƙasa da digiri 10.

Mafi yawan sanyin dare daga ƙasa yake shiga jiki, don haka shimfiɗa ta fi bargo na biyu amfani: leda, tabarma, sannan siririyar katifar soso. Kada ku kafa tanti a kwari, nan iska mai sanyi take kwanciya. Ku nemi gefen dutse da zai tare muku iskar arewa maso gabas.

Rigar audugar da ta jiƙe da gumi a hanya ita ke sa yara makyarkyata. Kowa ya canza busasshiya kafin magariba, ya sa hular sanyi da safa.

Kayan yaro kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, har da ruwa lita 3. A haɗa da man kaɗanya saboda leɓe.

Gawayi cikin tanti kuwa, a'a! Iskarsa ba ta da wari, tana kisa cikin barci. A waje ma a share busasshiyar ciyawa kafin a hura wuta.

Yaron da harshensa ya yi nauyi, yana tangaɗi, sanyi ya shige shi. A lulluɓe shi, a ba shi shayi mai sukari in yana iya haɗiya, a sauko da shi asibiti.