In an juya mahaifa, ana iya mayar da ita daga baya?

Tambaya: Likita, shekarata 29, sau uku ana ciro min jariri ta tiyata, yanzu ga ciki wata bakwai. A wurin awo an ce in yi shawara a juya min mahaifa a wannan aikin. Yayar mijina ta ce in yarda kawai, ai in na huta akwai wata mata a unguwarsu da take mayar da ita da tausa da jiƙo. Wallahi hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Baiwar Allah, gara da hankalinki bai kwanta ba. Waɗanda muke ba wannan shawarar su ne masu tiyata da yawa, da wadda mahaifarta ta taɓa fashewa, da mai ciwon zuciya ko hawan jinin da wani cikin zai iya halaka ta. Malaman Majma'ul Fiƙhi, wato majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, su ma a zamansu na Kuwait a 1988, sun hana yanke haihuwa gaba ɗaya sai da larura.

Maganar yayar mijinki kuwa, kullum sai na ji ta a ɗakin awo, har ta ishe ni. Babu mai juya komai. Mahaifa tana nan inda Allah ya ajiye ta, al'adarki ma za ta ci gaba. Bututun nan biyu da ƙwai ke bi muke ɗaurewa mu yanke, wani lokacin mu cire su ɗungurungum. To, wane tausa ne zai haɗa abin da aka yanke da almakashi a cikin ciki? Wane jiƙo? Matar nan za ta karɓe kuɗinki, ta murje miki mara a kan tabon tiyata huɗu, ta ce ki jira. Ko a asibiti sake ɗinke bututun babban aiki ne mai tsada, ba kullum yake ci ba, in ya ci kuma cikin yana iya zama a bututun ya fashe. Wannan ƙaryar ce take sa mace ta sa hannu da murmushi, bayan shekara biyu aure ya mutu ko an yi rashin yaro, ta dawo tana kuka a kwance mata. Nadamar ta fi yawa ga 'yan ƙasa da shekara 30, ke kuma kina cikinsu.

Ki koma da maigida ku tambayi likitan da ya san fayil ɗinki: wani cikin barazana ne ga raina? In ya ce e, ki yarda a kan cewa haihuwa ta ƙare. In hutu kawai kike nema, ga ashanar hannu ta shekara 3 ko 5, ga robar mahaifa ta shekara 10, ranar da kika so a cire. Ku gama shawarar tun yanzu, kada a miƙo miki takarda kina kan gadon tiyata.