Tambaya da Amsa: Neman likitan cututtuka masu yaɗuwa a Maradi, da wanda zai biya

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne. Sati uku ke nan masassara ba ta sake shi ba, ga tari, ga zufar dare, har wandonsa ya yi masa yawa. Ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro sau biyu, aka ce taifot ce, ya sha ƙwayoyi, shiru. An ce mu nemi likitan da ya ƙware kan cututtuka masu yaɗuwa. Ina zan same shi a Maradi, kuma akwai wanda ke karɓar inshorar gwamnati? Daga wata mai karatu, unguwar Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya. Likitocin da kike nema a asibitin gwamnati suke aiki. Babban asibitin jihar Maradi, wanda aka fi sani da CHR, yana da sashen cututtuka masu yaɗuwa. Idan ciwo ya fi ƙarfin nan, daga can ake tura mutum asibitin Référence na Maradi ko Yamai. Amma kada ku tafi hannu rabbana. Ku fara da CSI, wato cibiyar lafiya ta unguwarku, majo ya duba shi ya rubuta takardar turawa. Wannan takardar ce ke faɗa wa likita abin da aka riga aka gwada, ita ce kuma ke hana a yi ta yawo da ku daga ƙofa zuwa ƙofa.

Tun kafin ganin ƙwararre akwai abin da ya kamata a yi gobe da safe: gwajin majina. Tari da ya wuce sati biyu, ga rama da zufar dare, tarin fuka ake fara zargi har sai gwaji ya wanke mutum. Za a ba shi ɗan gwangwani mai murfi. Ya kurkure baki da ruwa, ya ja numfashi mai zurfi, ya kakaro majinar ƙirji. Da yawa miyau suke tofawa, sakamako ya fito babu komai alhali cutar na nan. Idan an same ta, maganin kyauta ne, wata 6: ƙwayoyi iri huɗu a wata biyun farko, iri biyu a sauran wata huɗu. A nan ake yawan yin asara, domin mutum kan ji sauƙi cikin 'yan makonni ya ajiye magani, cutar ta dawo ba ta jin sa. Za kuma a nemi ya yi gwajin sida. Kada ranku ya ɓaci, ƙa'ida ce ga duk mai tarin fuka, kuma maganin sida ma kyauta ake bayarwa.

Muna roƙonki, a dakatar da sayen ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta a tebur ko wurin 'yan talla. Suna ɓoye ƙwayar cutar, a ɗebi jini a shuka shi a ɗakin gwaji don gano ta a rasa komai. Gwajin Widal da ake dogara da shi a ce taifot ce, shi kaɗai ba ya tabbatar da ita. Ki zuba duk kwalayen magungunan da ya sha cikin leda, har da waɗanda suka ƙare, ki haɗa da karnen asibiti, tsofaffin ordonans da sakamakon gwaje-gwaje. Ki rubuta ranar da masassarar ta soma da lokacin da take tasowa.

Batun kuɗi kuwa, a Nijar babu kati guda na inshora da kowa zai miƙa a wuce. Ma'aikacin gwamnati takardar ɗaukar nauyi yake karɓowa ta ma'aikatarsa, gwamnati ta ɗauki kashi 80 cikin 100 na kuɗin kwanciya da gwaje-gwaje a asibitinta, shi ya cika sauran. Ku nemo ta da wuri, ku kai wa masu karɓar kuɗi kafin ku biya, domin abin da ya shiga akwati da wuya ya dawo. Maganin da za ku saya a farmasi ta gari galibi daga aljihunku ne. Idan yana cikin wata ƙungiyar adashen lafiya ta ma'aikata, ku tambaye su asibitin da suka yi yarjejeniya da shi. Tun 1 ga Satumba 2024 an rage kuɗin aikin asibitocin gwamnati da rabi, don haka ki duba allon farashi, ki karɓi rasit.

Idan wuyansa ya sanƙare, ko ya fara sambatu, ko ya tofar da jini, ko numfashi ya gagara, ku wuce sashen gaggawa ko da tsakar dare ne, ba sai da takarda ba.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, ina da katin inshorar lafiya na Najeriya. Zai yi aiki a Maradi? Mahaifiyata kuma ba ta da komai.

Amsa: A'a, Alhaji, katin NHIA bai tsallake Jibiya ba, sai a asibitin da ka yi rajista da shi a can. A nan, tiyatar haihuwa tana cikin tsarin kyauta tun 2005, yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuma tun 2006. Game da Inna, idan babu halin biya, ka nemi takardar shaidar rashin ƙarfi a ma'aikatar magajin gari, ka kai ofishin jin ƙai na asibiti tare da katinta na ɗan ƙasa, tun ranar da aka kwantar da ita.