Yadda za ka hana a fizge maka shinai a wasan kendo

Ka yi tambaya kan abokin karawar da yake naɗe maka shinai, takobin gora na Japanawa, har ya suɓuce daga hannunka. Wannan dabara ta maki-age ta fi cin wanda ya ƙanƙame takobinsa da hannun dama. Ka mayar da ƙarfin riƙo kan ƙaramin yatsa da na kusa da shi a hannun hagu, ka sassauta dama, ta yadda idan ya fara naɗawa tsinin takobinka zai bi zagayen ya dawo saitin maƙogwaronsa, sai ka kai sara a kansa tun yana buɗe. Kada ka yi jayayya da shi, domin taurin hannunka yake nema. A gasa, faɗuwar shinai laifi ne, kuma laifi 2 maki 1 ne ga abokin karawarka.