Bayan gobarar daji a Amurka: me doka ta tanada don kare ruwa da farfaɗo da gandun daji?

Tambaya: Malam, na ji an ce a Amurka idan wuta ta cinye gandun dajin gwamnati, akwai dokar da ke sa a kare hanyoyin ruwa a kuma sake dasa itatuwa. Yaya abin yake tafiya?

Amsa: Haka ne, amma dokokin da yawa ne, kuma dashe ne ke zuwa daga ƙarshe. Abin tsoro na farko shi ne ruwan sama. Wuta mai zafi tana narkar da wani maiƙo mai kama da kaki daga ganyaye, ya shiga ƙasa ya daskare, sai ƙasar ta daina shan ruwa. Ruwan sai ya gangaro daga tudu da toka da laka da duwatsu. A Janairun 2018, bayan gobarar dajin da aka sa wa suna Thomas, irin wannan malalar laka ta kashe mutum 23 a Montecito da ke Kalifoniya.

Shi ya sa a dajin gwamnatin tarayya, tun wuta ba ta gama mutuwa ba ake tura ayarin BAER, wato ayarin agajin gaggawa ga wuraren da suka ƙone, na masana ƙasa da ruwa da injiniyoyi, su zana taswirar inda ƙuna ta fi tsanani. Aikinsu na gaggawa ne: faɗaɗa kwalbati, kwashe kututturan da suka toshe rafi, da watsa tattaka daga jirgi mai saukar ungulu don ta rufe tsiraicin ƙasa. A nan ake yawan kuskure. Idan tattakar na ɗauke da irin baƙuwar ciyawa, an shuka wata matsalar, domin ciyawar kan bushe da wuri ta zama makamashin gobara ta gaba.

Gonaki da garuruwan da ke gangare kuwa shirin EWP na Ma'aikatar Noma, wato shirin gaggawa na kare hanyoyin ruwa, shi ne ke kula da su, bisa dokokin 1950 da 1978. Dole ƙaramar hukuma ko jiha ta tsaya musu, ta nemi taimako cikin kwana 60 bayan aukuwar bala'in. Yawanci tarayya na biyan har kashi 75 cikin 100 na kuɗin aikin, mai nema ya cike sauran. Garin da ba shi da kuɗin cikon kan makara har damina ta same shi.

Sai dashe. Tun 1980 akwai asusun da ake tara wa kuɗi daga harajin katakon da ake shigowa da shi, amma an ƙayyade shi a dala miliyan 30 a shekara, gobara kuwa tana ta ƙaruwa. Dokar REPLANT ta 2021 ta cire wannan iyaka. A ganina wannan gyara ne mai kyau, sai dai kuɗi ba ya gaggauta tsiro. Dole a samo iri daga yanki da tsayin tudu irin na wurin da ya ƙone, a raine shi shekara ɗaya zuwa uku kafin a kai shi daji, gidajen rainon Hukumar Gandun Daji kuwa shida ne kacal.