Amsa kan aikatau "comer"

Assalamu alaikum jama'a. Ɗan'uwa da ya tambaya ko "comer" ta Sifaniyanci ita ce dai ta harsunan Galisiya da Asturiyas (yankuna biyu a arewacin Sifen), e, kalma ɗaya ce, ma'anarta cin abinci, rubutun ma iri ɗaya. Amma kada ka haddace ta Sifaniyanci ka ɗauka ka gama da sauran.

Tushenta Latin ne, "comedere", wato ɗafa-goshi "com" da "edere", ci. Ita "edere" ɗin gajeriya ce, har wasu siffofinta suna kama da na "esse", wato zama: "est" a rubuce na iya zama "yana ci" ko "shi ne". Sai mutane suka riƙe doguwar. Faransanci da Italiyanci kuwa "manducare" suka ɗauka, tauna ke nan, daga nan "manger" da "mangiare" suka fito.

To ga inda ake tuntuɓe. "Como, comes, come, comemos" (ina ci, kana ci, yana ci, muna ci), duka ukun sun yi daidai. Da ka zo kan "ku" sai a rabu: Sifaniyanci da Asturiyanci "coméis", Galisiyanci "comedes". Wannan "d" tsohuwa ce, Sifaniyanci ma ya taɓa riƙe ta, a wajen ƙarni na 15 ya yar. Kuma a Galisiya wasula bakwai ne, ba biyar ba, shi ya sa "o" ta "como" a tsuke take, ta "comes" a buɗe. Rubutu ba zai nuna maka ba, sai kunne.

Shuɗaɗɗen lokaci ya fi wuya. "Na ci": Sifaniyanci comí, amma Galisiyanci comín. "Ya ci": comió, can kuma comeu. Sannan "he comido" (wata hanyar cewa "na ci") da ake ji a Madrid, ka ajiye ta, Galisiyanci da Asturiyanci ba sa aiki da ita.

Wakilin suna ma haka. Sifaniyanci "lo como" (ina cin sa), wakilin sunan "lo" a gaba. Galisiyanci "cómoo", Asturiyanci "cómolu", a baya, a manne. Da korewa ta shigo sai ya dawo gaba: "non o como", "nun lu como".

Af, na manta. A Sifen idan aka gayyace ka "comer", abincin rana ake nufi, wajen ƙarfe 2 zuwa 3. Galisiya suna da "xantar" don wannan, Asturiyas "xintar", kuma "x" ɗin "sh" ake furta ta.