Amsar tambayar da aka yi a guruf kan Walter Tull

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Yallabai admin na ji tambayar da ƙaninmu ya yi ɗazu, wai shin akwai baƙar fata da ya buga ƙwallo a Ingila tun kafin Yaƙin Duniya, kuma wai in ma akwai ai a ƙananan kulob ne, ba wani abin magana ba ne. To ƙanena ka saurara da kyau, akwai wani bawan Allah Walter Tull.

An haife shi a 1888 a garin Folkestone, babansa kafinta ne ɗan Barbados, mamarsa Baturiya 'yar yankin Kent. Uwar ta rasu 1895, uban ya bi ta 1897, sai aka kai shi gidan marayu a Bethnal Green cikin Landan shi da ɗan'uwansa Edward. A nan ya fara taka leda, ya koyi aikin ɗab'i, ya shiga wani kulob na 'yan sha'awa Clapton, suka ci kofin FA Amateur a 1909, shekarar nan Tottenham ta ɗauke shi har ta tafi da shi rangadi Ajantina da Uruguwai.

To wallahi a nan ne abin ya fara ɓaci. A watan Oktoba na 1909 suka je wasa gidan Bristol City, 'yan kallo suka yi ta zaginsa saboda launin fatarsa, zagin da jaridun lokacin ma sai da suka yi magana a kai, kuma bayan nan ba a daɗe ba aka mai da shi 'yan benci, wasa 10 kacal ya buga musu a lig. Shi aka zaga amma shi aka ajiye, ni wannan ne yake ci min rai har gobe.

Wanda ya ɗauko shi a 1911 kuwa, ku 'yan Arsenal ku buɗe kunne, Herbert Chapman ne, wannan dai da daga baya ya ciyo wa Huddersfield da Arsenal kofunan lig. Lokacin yana koci a Northampton Town, suna buga Southern League, wato ƙasa da manyan rukunai. A ƙaramin kulob ɗin nan da kake rainawa ne mutumin ya samu sukuni, ya koma tsakiya yana buga haf, ya yi wasa 111. Babban kulob bai iya tsaya masa ba, ƙarami ya riƙe shi shekara uku yana buga ƙwallonsa, to don Allah wanne ne abin magana a ciki?

Yaƙi ya ɓarke 1914, a Disamba ya shiga soja, bataliya ta 17 ta Middlesex, wadda ake ce wa bataliyar 'yan ƙwallo saboda 'yan wasa ne suka cika ta. Aka kai su Faransa a 1915, ƙarar bama-bamai ta taɓa shi har aka dawo da shi gida jinya, ya warke ya koma ya yi yaƙin Somme a 1916. A Mayu 1917 aka ba shi muƙamin hafsa, laftanar na biyu, alhali littafin dokar sojan Birtaniya na lokacin ya ce hafsa sai tsantsar jinin Turawa. Ku tuna fa a daidai wannan lokaci kakanninmu na Rundunar Najeriya suna yaƙi a Gabashin Afirka, hafsoshinsu duk Turawa ne, shi kuma ga shi yana ba Turawa umarni a fagen daga. A Italiya ya jagoranci mutum 26 suka tsallaka kogin Piave da dare suka dawo ba wanda ya ji ciwo, har babban kwamandansu Sydney Lawford ya yaba masa.

Kuma fa bai cire rai da ƙwallo ba, don a 1917 ya sa hannu da Rangers ta Glasgow, garin da Edward yake aikin likitan haƙori, a kan zai buga musu in an gama yaƙi. Allah bai nufa ba, ranar 25 ga Maris 1918 aka harbe shi kusa da Favreuil a Faransa, yana da shekara 29, ba a samu gawarsa ba, sunansa ne kawai a jikin bangon tunawa na Arras.

Northampton sun gina masa wurin tunawa a filinsu na Sixfields a 1999, kuma akwai masu fafutukar a ba shi lambar yabo ta Military Cross duk da ya rasu, ni dai ina tare da su ɗari bisa ɗari, tsallaken Piave kaɗai ya isa hujja. Ƙanena in akwai sauran tambaya ka turo, ina onlayin har zuwa sha ɗaya.